Manyan Tayoyi Biyu a Baya

Asabar, 4 ga Mayu

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka jiya, lungunmu ya fara halinsa. Daga ƙofar gida zuwa bakin kwalta bai kai minti biyar a ƙafa ba, amma da damina taɓo ne har gwiwa. Saboda wannan lungun na sayi kat-kat ɗin nan bara a filin motocin bakin teku. Ba don gayu ba, ko me matan kasuwar Adawlato ta nan Lome ke faɗa a bayan rumfata. Baba yana da wankin ƙoda Litinin da Alhamis, ƙarfe bakwai na safe. Ba zai iya hawa zemijan ba, babur ɗin haya ke nan, taksi kuma ba ya shigowa in ƙasa ta jiƙe. Motar ƙarama ce, amma ƙafa huɗu take ja, shi ke nan abin da na saya.

Yau na ƙara mata ƙarfi. Abdoul mai tayoyin gwanjo ya zaɓo mini biyu manya, masu haƙora kamar na tarakta, ya ɗaura a baya. Ya ce haka kowa ke yi, biyu yanzu, biyu in na gaba sun cinye. Bayanta ya ɗan ɗaga. Wallahi ta yi kyau.

Lahadi, 5 ga Mayu

Kawu Oumarou ya zo gaida Baba. Abokinsa ne tun suna hanyar Yamai, Baba na tuƙa babbar mota shi yana gyara masa. Kafin ya yi sallama ma sai da ya zagaya motata sau biyu, hannu a baya.

"Rahina, wa ya ɗaura miki waɗannan?"

A gaban mutane fa. Wai motar nan ƙafafunta huɗu a ɗaure suke da juna, ko huɗu iri ɗaya ko in mayar da na da. Wai na baya za su riƙa gardama da na gaba har wani abu ya ƙone a tsakiya. Gardama! Taya ce ko mutum? Na ce Kawu, taksi nawa ne a garin nan ke yawo da taya huɗu kowace da ƙasarta? Ya ce ai wannan ba taksi ba ce, 'yata.

'Yata. Shekarata talatin da takwas, ni ke riƙe da gidan nan, amma har yau 'yar makarantar nan mai jakar lakwal yake gani. Da namiji ne ya ɗaura su da cewa zai yi ma sha Allah.

Litinin, 13 ga Mayu

Mun fita lafiya lau, ko zamewa ba ta yi ba. Kawu yana zaune a bakin lungu wajen mai koko, tsohuwar a-kori-kurarsa a gefe. Garejinsa yana can bayan kasuwar dabbobi, me ya kawo shi shan koko a nan da asuba? Ranar Alhamis ma na gan shi. Jira yake in maƙale ya ce ai na faɗa. To ya yi ta jira.

Alhamis, 16 ga Mayu

Wata ƙara daga ƙasa, guuuu, in na wuce sittin. Na ƙara rediyo.

Asabar, 18 ga Mayu

Yanzu har da wari, kamar an manta tukunya a wuta. Wata fitila kuma ta kama a gaban sitiyari, ruwan lemo, mai hoton tayoyi huɗu. In na karya kwana a hankali sai motar ta riƙa tirjewa tana kat-kat-kat kamar tana kiran sunanta.

Na kai wa Kawu, tunda shi ya canza mata mai a watan jiya. Bai ko buɗe gaba ba. Ya sa hannu a ƙarƙashi, ya janye da sauri don zafi, ya dubi tayoyin baya, ya dube ni. Na ce Kawu don Allah kar ku fara. Ya ce ai ban ce komai ba. Na ce ku duba man da kuka zuba, watakila shi ne. Sai ya ce shekara arba'in yana zuba mai a motar gidanmu.

Na ja motata na tafi. Raina a ɓace har yanzu.

Talata, 21 ga Mayu

Maƙwabciyar rumfata ta haɗa ni da wani makanike Rachid a unguwar Amoutivé. Gareji mai tayil, shi kuma da farar riga, da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta da kanta. Madam kaza, madam kaza. Ya ba ni kujera da ruwan sanyi. Na ce masa wani tsoho ya ce tayoyi ne, ya yi dariya, ya ce tsofaffin nan a zamanin kabireta suka tsaya. Na ji daɗin maganar, ba zan yi ƙarya ba.

Na bar masa ita da safe, da la'asar na karɓa. Babu ƙara, babu wari, fitila ta mutu. Ta ma fi sauƙin tuƙi. Na tambaye shi me ya gyara, ya ce ɗan reglaj ne kawai, ɗan saiti, madam, kar ki damu kanki.

Da gangan na biyo ta gaban garejin Kawu, a hankali, gilas a sauke.

Alhamis, 23 ga Mayu

Ba ruwa kwana huɗu, lungu ya bushe. Baba ya tambaye ni a hanya me ya haɗa ni da Oumarou. Na ce ba komai. Ya ce uwata, ba komai ɗinki na san shi. Kawu yana wajen mai koko kamar kullum. Ban gaishe shi ba, na yi kamar ina duba madubi.

Litinin, 27 ga Mayu

Ban san ta ina zan fara ba.

An kwana ana ruwa. Shida da kwata na sa Baba a gaba, na ɗaura masa bel. Mun zo daidai kwarin nan na bayan masallaci, inda nake wucewa ko tunani ba na yi, sai motar ta tsaya. Na taka. Tayoyin gaba suna juyawa, taɓo na tashi har kan gilas. Na sa baya, haka. Na leƙa ta taga: manyan tayoyina masu haƙora suna tsaye cik, ko motsi. Na taka, na taka, har ta nutse zuwa ƙofa. Baba yana cewa uwata ya isa, ya isa, ni kuma ina zagin mota kamar tana ji.

Ban san lokacin da Kawu ya iso ba, sai ganinsa na yi cikin ruwa har cinya da igiyar ja a kafaɗa. A-kori-kurar ba ta iya shigowa, igiyar kuma ba ta kai ba. Ya kira mutanen da suka fito daga masallaci, aka kawo kujerar roba, suka ɗauki Baba su huɗu. Shi yana riƙe da ƙafa ɗaya ta kujerar, tsoho da shi, yana haki. Baba ya rufe fuska da hularsa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ratsa ƙasashe da tirela, yau an ɗauke shi a kujera a gaban unguwa kamar kayan gwanjo. Ba zan manta hular nan ba.

A motar Kawu muka isa asibiti, tara saura. An riga an sa wani a injin, ba laifinsu ba ne, injinan kaɗan ne mutane da yawa. Sai Laraba da rana in ji nas, in wani bai zo ba.

Da aka fito da motar da azahar, Kawu ya kwanta a taɓon ya leƙa ƙarƙashi. Ya taso ya ce farfela babu. Doguwar sandar ƙarfen da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya, an kwance ta ɗungurungum. Kwana shida ina tuƙa mota mai ƙafa biyu ina taƙama.

Talata, 28 ga Mayu

Ƙafafun Baba sun kumbura, silifa ba ya shiga. A zaune yake wuni, in ya kwanta numfashi ya ƙi. Ruwa nake auna masa da murfin kwalba. Ya ce ƙishirwa, na ce a'a, ya kalle ni kawai.

Na je Amoutivé a zemijan. Sandata tana jingine a bayan garejin tare da wasu guda biyar irinta. Biyar! Rachid ko kunya. Wai madam ai kowa haka ake masa, a Lome ina za ki da ƙafa huɗu, ga man fetur ya ragu miki, ga ƙara ta tafi. Fitilar ma baƙin salatif ya manna mata ta ciki. Na ce na gaya maka ubana nake kaiwa wankin ƙoda ta cikin taɓo ko ban gaya maka ba? Ya ce pardon. Pardon ɗin me? Na faɗa masa maganganun da sai na yi istigfari. Har masu gyaran babur na tsallake suka taru. Na ɗauki sandata da kaina, duk baƙin mai a zanena, na riƙe ta a tsaye a bayan zemijan har unguwarmu Zongo. Kowa na kallo, su kalla.

Allah ya isa tsakanina da shi. Da Abdoul ma.

Laraba, 29 ga Mayu

An samu inji. Alhamdu lillahi. A-kori-kurar Kawu ce ta kai mu daga bakin kwalta. Ni a baya.

Juma'a, 31 ga Mayu

Na kai wa Kawu sandar, na ce ku mayar. Ya ce zai mayar, amma in zo in gani tukuna. Ya ciro wata tsohuwar igiyar shanya, ya zagaya tayar gaba da ita, ya ƙulla daidai inda ta haɗu. Ya miƙo mini ya ce in zagaya ta baya da hannuna. Na durƙusa na zagaya. Ba ta haɗu ba. Saura yatsu huɗu da ɗan ƙari.

Ya ce duk juyi ɗaya, na baya sun riga na gaba da wannan. Daga nan zuwa asibiti juyi nawa ne? Akwatin da ke raba ƙarfi a tsakiya shi ke shan wahalar sulhu, har ya dahu. Ya buɗe ya nuna mini, man ciki baƙi ƙirin, yana warin nan da na sani.

Na ce to Abdoul me ya sa bai faɗa mini ba. Ya ce Abdoul taya yake sayarwa. Bai ƙara ba. Da ma ya ce ai na gaya miki, da na samu abin yin faɗa. Ko wannan bai ba ni ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Talata, 4 ga Yuni

Kwana uku Kawu yana yawo wajen masu kayan motocin da aka yanka kafin ya samo akwatin. Jiya ma a kujera aka fitar da Baba. Wannan karon bai rufe fuska ba, har yana tsokanar masu ɗaukarsa wai su bi a hankali akwai fasinja.

Tayoyi huɗu iri ɗaya, girman da aka rubuta a jikin ƙofar direba. Ashe akwai rubutu a wurin, wata tara ina buɗe ƙofar nan. Ƙanana ne, ba su da wani kwarjini. Abdoul ya so ya cusa mini ɗaya mai lamba daban, wai bambancin kaɗan ne Hajiya. Na ciro igiyar awon Kawu daga jaka. Kallon da ya yi mini!

Manyan biyun suna tsakar gida. Ban san me zan yi da su ba, ganinsu ma haushi yake ba ni.

Alhamis, 6 ga Yuni

Ruwa tun asuba, wanda ya fi na ranar nan. Kafin in fito da Baba na zagaya tayoyin huɗu da igiya, a cikin ruwa, kamar mahaukaciya. Duk sun haɗu a ƙulli.

Muka iso kwarin bayan masallaci. Na sa giya ta ɗaya, ban taka da ƙarfi ba, yadda aka ce mini. Gaba ta ɗan zame, sai na ji bayan ya kama, ya turo mu kamar an sa hannu. Muka haye. Baba ya ce ma sha Allah, ya gyara hula.

A bakin lungu na rage gudu, na sauke gilas. Mai koko ce kaɗai da laimarta. Ba a-kori-kura, ba kowa.

Na ce yau kuma ina mutuminku, ko kokon ya gundure shi? Baba ya ce wane koko, Oumarou da sukari ya hana shi koko shekara nawa. Tun ranar da Kawu ya ga tayoyin nan ya ce wa Baba duk Litinin da Alhamis zai tsaya a bakin lungu da igiyar ja, ko da wani abu. Jiya ya aiko cewa yanzu ba sai ya zo ba.

Muka kama hanyar asibiti. Gilas ɗin ne ya yi ta hazo, na yi ta gogewa.

Bakwai saura minti goma aka sa Baba a inji. Awa huɗu ne, ba ni da abin yi, shi ya sa na nufi garejin Kawu. Na saya masa ayimolu, shinkafa da waken nan, da kifi, ban da taliya saboda sukarin. Ba haƙuri na je bayarwa ba, igiyarsa ta awo na je mayarwa. Na same shi ƙarƙashin wata taksi, ƙafafunsa kawai ake gani. Na durƙusa na ce Kawu ina kwana. Ya ce daga can ciki, ta haye? Na ce ta haye. Ya ce madalla, 'yata.

Na ajiye abincin a kan benci. Igiyar kuma sai da na dawo asibiti na ga tana nan cikin jakata.