Ranar da aka fitar da ni daga ɗakin awo

Zuwa ga autana Abdul'aziz, a Tamanrasset.

Sallama irin ta Musulunci, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Allah ya tsare mini kai, ya yi wa nemanka albarka. Mu nan Zinder sai godiya. Ƙafar babanka ta yi sauƙi har ya koma kasuwar Mirriya, matarka Rahina kuwa cikinta ya fito, tana cin gyaɗa kamar ita ta noma.

Na ji saƙon muryarka, har na kira yayarka Munira ta sake kunna mini, don ihunka ya hana ni fahimta. Ka ce a Amurka an taɓa yin bincike a jikin baƙaƙen fata shekara da shekaru ba a gaya musu gaskiya ba, saboda haka kada Rahina ta kuskura ta shiga gwajin maganin zazzaɓin masu ciki da ake yi a nan. Wallahi labarin ya ɓata mini rai. Amma ni kam na riga na yanke cewa za ta shiga, tunda na ga zazzaɓin da ya ɓarar mata da cikin bara.

Ranar awo na raka ta. Lokotoron, wato likitar, wata yarinya 'yar Gouna, ta yi bayani da Hausa tsaf: maganin sabo ne, ba a gama sanin amfaninsa da illarsa ba, kuma wadda ta ƙi ba za a rage mata komai ba. Ta tambayi Rahina ko ta yarda. Ka san suruka a gaban uwar miji, sai ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na yi caraf na ce mun yarda. Lokotoron nan ta yi murmushi, ta ce Inna a ɗan ba mu wuri. Ni fa! Da furfurata aka zaunar da ni kan benci a waje, ina ta huci, mata suna dariya.

Ashe bakin Rahina ya fi nawa. Ta cikin labule na ji tana jero tambayoyi: idan abin ya cuce ta wa zai kula da ita, kuma tana iya fita in ta fasa? Ta nemi sati guda ta yi tunani. Jiya ta durƙusa ta gaya mini ta shiga. Ta ce ta ji tsoronka, ta ji sona, amma daga ni har kai babu wanda ya tambaye ta, alhali ita ce ta kwanta cikin jini bara. Kunya ta kama ni, sai na sa mata albarka.

Don haka kada ka aiko da faɗa. Ka kira matarka, ka tambaye ta, ka yi shiru ka saurara.

Babanka, Munira da kawunka Kyari suna gaishe ka. Ka gaida Suma'ila mai masaukinka.

Mahaifiyarka mai yi maka addu'a kullum,
Ummul Khairi