Mama ta wanke wa Shuɗi gida

Daren Talata, Highbridge

Tunda Mama ta zo daga Kano hannunta bai huta ba. Yau na dawo aiki na tarar ta kwashe duwatsun tankin kifina, ta goge su tas da buroshi. Duk gansakukar da kifin, Shuɗi, ke kiwo a kai ta tafi, shi kuwa ya maƙale a kusurwa, launinsa ya dushe.

Ta ce, "Ɗan nan, wannan ƙazantar kake ajiyewa a falo?"

Na ce, "Mama, abincinsa ne. Kin sa sabulu?"

Wai bilic, ruwan nan mai ƙarfi na wanke fararen kaya, ta so sawa, amma murfin robar ya ƙi buɗuwa, ta murɗa har ta gaji. Zama kawai na yi a ƙasa. Da ya buɗu, da gawar kifin zan tarar.

Na maƙala masa busasshen ganyen teku a gilashi. Bayan isha'i ya fito yana tsinka. Mama ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Ashe akuya kake kiwo a ruwan gishiri."

Gobe zan auna ruwan. Murfin nan da kullum nake zagi, ɗazu har shafa shi na yi.