Numfashi Ɗaya

Marathon, Afrilu 1979

Yaya Evelio,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana nan ƙalau. Ya Tampa, ya kuma kunne? Da waya zan buga maka, sai na tuna tun da nutso ya fasa maka kunne ba abin da kake yi sai ihun "Wa ke magana?" har maƙwabta su leƙo. Matata Zoraida na gaishe ka. Ta ce tukunyar baƙin wake da soyayyar ayaba na jiranka.

Yaya, teku ta kwanta, ruwa ya yi garau. Manyan kifayen cherna sun dawo dutsen nan da Baba ya nuna mana bayan hasumiyar fitila. Na hango wata daga sama, kanta kaɗai ya isa miyar gida biyu. Ka zo watan gobe mu fita. Tun muna yara, in na nutse kai ne a sama kana kallona, in ka nutse ni ne. Ban taɓa sakin jiki da idon wani ba sai naka.

Sai dai akwai magana, kuma ka zauna kafin ka karanta. Ciwon ƙirjin bara ya cinye min numfashi. Ko rabin zurfin dutsen ba na kaiwa yanzu sai ƙirji ya fara dukana. Don haka na sayi tukunyar iska, irin wadda masu nutso ke goyawa a baya. Likita ya yarda, doka ba ta hana ba. Kar ka yi min wannan fuskar taka, daga nan ina ganinta.

Ka huta lafiya, tsohon kurma.

Ƙanenka,
Nivaldo

Tampa, Afrilu 1979

Zuwa ga ƙanena Nivaldo,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka, na samu takardarka. Na yi baƙin cikin jin halin ƙirjinka, Allah ya ƙara sauƙi.

Game da tukunya kuwa, ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci. Ka san yadda aka koya mana. Mutum ya cika ƙirjinsa sau ɗaya ya sauka gidan kifi. In numfashi ya ƙare kafin ya harba, kifi ya ci wannan karon, sai ya hau sama ya bar shi. Iyakar kariyar da kifi ke da ita daga gare mu ke nan. Wanda ya goyi iska ya cire masa ita. Zai je ya zauna a bakin rami yana jira, kuma cherna dabba ce mai son kallo, da kanta za ta leƙo ta tsaya masa. Wannan yanka ne, Nivaldo, kamar a shiga akurki a ɗauko kaza.

Doka ba ta hana ba, ka ce. Doka ba ta hana abubuwa da yawa na rashin kunya ba. Idan ƙirji ya gaza, ka ɗauki ƙugiya ka zauna a jirgi irin na sauran dattawa, ba abin kunya ba ne. Amma ni ba zan kwanta a kan ruwa ina kallon kumfar iskarka na tasowa daga dutsen Baba ba. Muddin tukunyar nan na cikin jirginka, ƙafata ba za ta taka shi ba.

Ka gaida Zoraida da kyau.

Yayanka,
Evelio

Marathon, Afrilu 1979

Yaya,

Ina gaisuwa, ko da yake ban so.

Kai! Ashe Fadan coci muke da shi a gidan ban sani ba? Akurki! To bari in tambaye ka, malam mai tsarki. Baba da me ya yi nutso? Da sanda mai tsini da igiyar roba guda, da gilashin da ya haɗa da hannunsa, ƙafa tsirara. Kai fa? Bindigarka mai harba mashi roba uku gare ta, tana cimma kifi tun bai gama ganinka ba. Takalman iyonka sun kusa tsawon hannuna. Ranar da ka sayo su wa ya yi maka wa'azi? Ni ne ma na riƙa yaba su. Duk abin da ya zo daidai da ƙarfinka halal ne, wanda ya zo daidai da raunina shi ne rashin kunya.

Ƙugiya, in ji ka. Ka san ba don nama nake sauka ba. Shirun nan na ƙasa nake so, da sanyin da ke kama wuya. Na yi maka alkawari kifi ɗaya tak zan ɗauka, kuma ba zan harbi wanda ke cikin rami ba. In ka ga dama ma ka riƙe bindigar, ni dai in sauka in gani.

Maganarka ta yi min ciwo, Yaya, ba zan yi maka ƙarya ba. Na karanta ta a bakin gadar da muke ɗaure jirgi, na rasa inda zan sa fuskata. Shekarunmu sun ja, fita nawa ta rage mana tare? Asabar ta farko a watan Mayu zan fita. Ka zo. Ina roƙonka.

Ƙanenka duk da haka,
Nivaldo

Marathon, Mayu 1979

Yaya Evelio,

Ina gaishe ka. Zoraida ce. Na san maƙwabcinka ya isar maka da saƙon waya, na kuma san kana hanya. Amma idan ka iso ba zan iya buɗe baki in faɗa maka da ƙarfin da za ka ji ba, shi ya sa na rubuta. Za a miƙa maka a ƙofa.

Kullum sai Nivaldo ya je ya duba akwatin wasiƙa, ya dawo yana cewa, "Tsohon nan taurin kai ne da shi, amma zai zo." Ranar Asabar ya tsaya a gada yana kallon hanya har rana ta ɗaga. Sai ya ce min, "Taho ki riƙe min jirgi." Ka san ni, iyona bai wuce na bakin gaɓa ba.

Da muka isa ya goyi tukunyar, ya ɗaure ta, ya zauna a gefen jirgi. Ya daɗe a haka. Sai na ga yana kunce maɗaurin yana sauke ta.

Na ce, "Me kake yi haka?"

Ya ce, "Idan na kawo cherna da wannan abin, Yaya ko miyar ba zai sha ba."

Na ce, "Nivaldo, don girman Allah, ba kowa a sama."

Ya yi dariya ya ce, "Ke ba kowa ba ce?"

Ruwan ya yi haske sosai, Yaya, komai na gani. Ya nutse da numfashi ɗaya, ya kai dutsen. Ya harba, ya samu. Na ga yana tasowa da ita a hannu, har na fara tafi. Saura kaɗan kansa ya fito sai ƙafafunsa suka daina motsi. Bai yi ko fafutuka ba. Ya tsaya cak, sannan ya fara komawa ƙasa a hankali. Na miƙa hannu, na miƙa sandar jirgi, na yi ta kiran sunansa. Masuntan da suka ciro shi sun ce haka suman yake zuwa, daf da sama, kuma da akwai mai nutso a kansa, haɓarsa kawai zai tallafo.

Zuciyata ta mutu, Yaya. Ina jin haushinka, ina jin haushinsa, ban san wanda ya fi ba. Ga wata takarda da ta iso ran Litinin, bayan abin ya faru, da rubutunka a kai. Na buɗe na karanta, na kasa ajiye ta a gidan nan. Na haɗo maka abinka.

Allah ya ba mu haƙuri.

Zoraida

Tampa, ƙarshen Afrilu 1979

Nivaldo, ɗan'uwana,

Gaisuwa. Na karanta, na yi fushi, na huce. Har yanzu ina ganin ni ke da gaskiya, amma ƙanena ya fi min gaskiyar. Wannan Asabar ɗin ba za ta yiwu ba, motata na wurin gyara. Ka jira ni ta gaba. Ka cika tukunyarka, ni zan kwanta a sama in yi ta kallon kumfarka ina tsaki.

Kar ka kuskura ka sauka ba ni.

Yayanka, tsohon kurma,
Evelio