Kurfinka Ya Dawo Hannuna, Oga Godwin

Zuwa ga maigidana, Oga Godwin,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, kai da Madam da yara, a duk inda kuke. Ni ne Ishaya, wanda ka koya wa aikin kafinta a shagonka na bayan kasuwar Kafanchan. Ban san ko kana raye ba. Tun da yaƙi ya ƙare mutanenku na Gabas suke dawowa, nakan je tashar jirgi in duba fuskoki, ban ga taka ba. Duk da haka ina da labarin da ya zama dole ka ji.

Ranar da gari ya rikice kuka gudu, ina Kwoi ina rufin wata makaranta. Da na dawo na tarar an ɓalle ƙofar shago, ko ƙusa ba a bari ba. Malam Sule mai goro, wanda ya ɓoye ku a ɗakinsa har kuka samu jirgi, ya ce mini bai ga komai ba, yana ciki tare da ku. Na tambayi Bitrus, abokin koyon aikina, wanda Madam take zuba wa tuwo a kwano ɗaya da ni. Ya rantse shi ma a gona yake.

Kafin a yi girbi biyu Bitrus ya buɗe shago nasa. Ya auri mata, ya sayi keke, har aka zaɓe shi dattijon ikilisiya. Ni kuma na koma gyaran ƙota: ta fartanya, ta gatari, ta guduma. Zuciyata ba ta taɓa kwanciya da shi ba, amma ba ni da shaida.

Watan jiya sai ga shi da kansa, da kurfi uku a tsumma, abin da kake kira cizal. Ƙotocin duk sun tsage, kawunansu sun baje kamar raken da aka tauna. Ka san dalili. Kullum kana ce mana, “Ƙarfe ba ya dukan itace, ɗauki gudumar katako.” Bitrus bai taɓa ji ba. Ya ce in hanzarta, za a ba shi aikin sababbin bencin coci.

Da ya tafi na fasa ragowar ƙotar farko. A wutsiyar ƙarfen, wurin da itace yake rufewa, sai ga haruffan sunanka, waɗanda ka buga ina riƙe maka ƙarfen. Ya kankare alamar da ke waje, bai san da ta ciki ba. Oga, na zauna a ƙasa. Ban iya komai ba sai da rana ta juya.

Na gyara biyu yadda kake so. Na samo busasshen marke daga Madakiya, na fere shi daidai tafin hannu, na huda, na gasa wani tsohon ƙarfe na buɗe ramin, don kada wuta ta taɓa naka. Na yanko zobe daga bututun ruwa na sa a kai, na shafa man gyaɗa. Na ukun na bar shi tsirara.

Ranar Lahadi bayan sujada, dattawa sun zauna a kan maganar benci, jama’a ba su watse ba. Na shiga na ajiye su a tebur gaban Fasto, na ce ya karanta abin da ke jikin na ukun. Ya karanta da ƙarfi. Bitrus ya ce a kasuwar Jos ya saya. Sai Mama Saratu, tsohuwar nan mai kunu da ke kallon shagonka, ta miƙe daga cikin zumuntar mata.

“Ɗana, kada ka yi ƙarya a ɗakin Allah,” in ji ta. “Ni na gan ka ranar rikicin da akwatin kayan aikin Oga Godwin a kai. Kai ne kuma ka nuna wa ’yan tarzoma ƙofar gidansa. Tsoro ne ya rufe mini baki.”

Wannan na biyun ban san shi ba sai ranar. Ashe ba sata kawai ya yi ba. Na tuna ’yarka Ngozi, yadda take hawa wuyansa tana ja masa kunne.

An sauke shi daga dattijo, an sa shi horo, ba ya cin jibin Ubangiji. An ƙwace aikin an ba ni. Fasto ya same ni a gida ya ce in gafarta, ai Ubangiji ya koya mana haka. Na ce masa, “Baba, ba gidana aka nuna ba. In mai gidan ya zo, a roƙe shi.” Matarsa ma ta zo tana kuka, wai babu mai kawo musu aiki. Na ba ta ruwa ta sha, na ce ta gaya masa saura akwati da zarto. Ban ji tausayi ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce na ji ba.

Da kurfinka na yi bencin duka. Na goge su sumul, ban da na can baya, inda masu horo suke zama. Shi na bar shi da kaushinsa, ban yi masa majingina ba. Duk Lahadi nakan waiwaya in ga Bitrus yana gyara zama.

Oga, kai ne ka saya mini takalmina na farko. Na yi kewar faɗanka. Kayanka suna nan a naɗe, babu tsatsa, jiranka suke yi.

Allah ya sa kana da rai, ya tsare Madam da yara. Shi kuwa Bitrus, ina roƙon Allah ya ja kwanansa, ya bar masa idonsa garau, har ranar da za ka shigo ta ƙofar cocin nan ka tsaya a gabansa. Amin.

Yaronka har gobe,
Ishaya mai ƙota