An Ƙunshe Ƙosai da Karatuna

Yaya Asama'u,

Na dawo daga kamfanin gurzar auduga, an ce kin tafi markaɗe. Ba zan iya jira ba, ƙarfe biyu muke da lacca.

Kin san yau na fara aikin nan, kuma ba a shiga da takarda, wai gudun gobara. Shi ya sa da safe na ajiye takardun karatuna a kwalin zaure. Ashe daga nan kike ɗiban na ƙunshin ƙosai. Cikin shafi talatin, huɗu na tarar.

Tun safe ina tsaye ina tura auduga a inji, har cikin hancina ita ce, ina lallashin kaina da cewa in na dawo zan yi bita. Jibi jarrabawa fa, Yaya! Aikin nan na wata uku ne, amma in na faɗi, shekara guda ta tafi.

Don Allah ki bi gidajen masu sayen ƙosanki ki karɓo min. Malam Idi tela da idona na gan shi yana goge almakashi da shafi na sha biyu, kunya ta hana ni magana. Ko da maiƙo ki kawo, haka nan zan karanta abina, da yajinsa da komai.

Suhaib