Na Durƙusa Gaban Suruki, Tashi Ya Gagara

Malam mai filin shawara, don Allah ka agaza mini, kuma ka sakaya sunana, ko da yake a Azare in aka ce akawun da ya maƙale, kowa ya san wanda ake nufi.

Ni Bafulatani ne, a ruga aka haife ni wajen Itas. Tun ina ƙarami nake bin shanu, in fita da hantsi in dawo da almuru, ban taɓa sanin akwai wani abu wai shi ƙugu a jikina ba. Da aka zo ɗibar yara makaranta sai aka haɗa da ni. Na yi elementare, na yi midil, yau ga ni ƙaramin akawu a wani ofis a nan garin, ni ke buga keken rubutu.

Kujera mai majingina guda ce a ofishinmu, ta babban akawu ce, Malam Bappayo. Ni a kan akwatin kananzir nake zama. Allah ya yi ni dogo, teburin kuma gajere, gwiwoyina ba sa shiga ƙarƙashinsa, sai in karkace gefe in duƙa kan keken kamar mai kalar gyaɗa. Haka nake wuni. Da fari gajiya ce kawai. Tun daminar bara kuwa sai ya zama in na miƙe sai na dafa bango, ruku'u ma da dabara nake yi.

Mahaifiyata, Goggo, ta ce baki ne, mutane sun ga na sami aikin gwamnati. Ta aiko da man shanu da wasu saiwoyi, ta sa wanzami ya yi mini ƙaho. Na ji daɗi kwana biyu, abin ya dawo. Yanzu cewa take in ajiye aikin in koma bin shanu, wai ba ta taɓa ganin makiyayi yana tafiya kamar agwagwa ba.

Duk wannan da sauƙi. Akwai yarinyar da nake nema a Katagum, ba zan faɗi sunanta ba. Makon jiya na shiga motar gyaɗa na je gaida mahaifinta, Malam Jaji. Na same shi a ƙofar gida da dattawan unguwa, na tuɓe takalma na durƙusa. Muka gaisa, ya ce in tashi in shiga zaure. Na yunƙura, ƙugu ya ce bai san zancen ba. Sai na sake sabuwar gaisuwa, na tambayi gida, na tambayi gona, har jakinsa na tambaya. Dattijo ya yi ta amsawa yana kallona. Daga ƙarshe mutum biyu suka kama ni ta hammata suka ɗaga, ina jin dariyar mata ta bayan zana.

Jiya Malam Jaji ya aiko wa baffana cewa a faɗa masa gaskiya, ko yaron nan yana da wata cuta da ake ɓoyewa, don shi ba zai ba da 'yarsa ta je jinya ba. An sa biki bayan kaka. Malam, in bar aikin ne? In na bari, me karatuna ya amfana? In na zauna kuma, kada in rasa ƙugu in rasa mata.

Naka,
Dogo Mai Akwati, Azare.

AMSA

Dogo, na yi dariya, ka yafe mini, amma na tausaya maka ƙwarai.

Goggo tana da rabin gaskiya. Ba baki ba ne, amma jikin da ya saba da tafiya aka naɗe shi wuri guda dole ya yi ƙara. Sai dai maganin ba barin aiki ba ne. Akwatin nan za ka bari.

Ka sami kafinta ya yi maka kujera mai majingina daidai tsawonka, yadda tafin ƙafarka zai kwanta a ƙasa, gwiwa ta yi daidai da ƙugu. Teburin a sa masa tubali ƙarƙashin kowace ƙafa har gwiwoyinka su shige, ka fuskanci keken sosai, ban da karkacewa. Ka zauna can ƙuryar kujerar, ka naɗe tsohon rawani ka tokare ƙugunka da shi. Takardar da kake kwafa ka jingina ta tsaye a gabanka, wuyanka ya huta. Kafin ka taɓa komai, ka faɗa wa Malam Bappayo cikin ladabi, kada ya ga kujera ta shigo ya zaci tasa kake hange.

Kuma ka riƙa tashi. Duk ka gama wasiƙa ɗaya ka miƙe, ka kai ta da ƙafarka maimakon kiran masinja. Da yamma ka zaga bayan gari kamar da shanu a gabanka. In igiyar gadonka ta saki, ka sauko tabarma.

Gobe ka je asibiti a duba ka. In ciwon yana sauka ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa, ko akwai zazzaɓi ko matsalar fitsari, ka faɗa wa likita duka, wannan ya wuce maganar kujera.

Shi kuwa Malam Jaji kada ka riƙe shi a zuciya. Uban da ya tambaya kafin ya bayar, uba ne. Baffanka ya je da kansa ya gaya masa abin da likita ya ce, ba ragi ba ƙari. In ka sake zuwa, ka sauka daga mota ka ɗan taka tukuna jiki ya warware kafin ka isa ƙofar gidan.

Allah ya ba ka lafiya, ya sanya alheri a auren, ya kai mu kaka da rai.