Tagar da Ta Fi Sauran Ƙasa

Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Ka san tsohuwar makarantarmu da aka mai da gidan tarihi, inda nake aikin zagayawa da baƙi. To, kaina ya ɗaure. Tagogin ginin takwas ne, bakwai a layi ɗaya, amma ta ajin ƙarshe ta sauko ƙasa da taƙi biyu. Mai zanen gini ya zo ya auna, ya ce kuskuren magini ne, ranar Asabar za a fasa a ɗaga ta. Wani malami kuma ya ce a'a, hikimar shigar iska ce. Baƙi suna tambayata, ni kuwa sai in yi ta kame-kame. Tunda da kai aka yi ginin, wanne ne gaskiya?

'Yarka

*

Guntuwa,

Ina amsawa. Ƙafa tana nan yadda kika san ta.

Wace taga kuma? Wanne ne ajin ƙarshe? Ki tsaya a bakin rijiya ki ƙirgo daga hagu. Shi kuma mai zanen, ki ce masa magini yana nan da ransa, bai taɓa kuskuren awo ba.

Kawunki

*

Kawu,

Barka da war haka.

Wallahi ka ƙara rikita ni. Babu rijiya, an rufe ta an dasa furanni. Ƙofar da kuka sani ta gaba ita ce ta baya yanzu. Na ƙirga daga hagu na faɗa ofis, na ƙirga daga dama na faɗa ɗakin ajiya. Tagar da nake nufi ita ce mai kallon allo, akwai wani dutse a gindinta ta waje wanda samansa ya yi sumul. Don Allah, Kawu, kwana huɗu ya rage.

'Yarka

*

Guntuwa,

Da kin ce mai dutse tun farko ai da an gama.

Ni na sauke ta, kuma da gangan. Lokacin da muke ƙara wannan ajin, innarki ta wuce shekarun ɗauka a makaranta, hedimasta ya ce babu gurbi. Ita ke kawo mana ruwa wajen aiki. Kullum sai na gan ta kan dutsen nan tana ɗage, tana leƙen ajin da ke kusa, ba ta hango komai. Na sa ta tsaya jikin bango, na auna daidai idonta, na aza tagar a nan. Hedimasta ya yi ta faɗa, na ce igiyar awo ce ta saki. Bai ƙara ba ni aiki ba. Dutsen kuma muka gangaro mata da shi don ta riƙa zama in ta gaji. Shekara uku ta yi a wurin. Ta hana ni faɗa, wai kunya. Yau ba ta duniya, kuma na gaji da riƙewa.

Ke a zatonki a ina ta koyi baƙaƙen da ta koya miki?

Kawunki

*

Kawu,

Ban taɓa tambayarta ba. Abin yana ci mini rai.

Ɗazu na zagaya waje na tsaya bakin tagar. Allon yana daidai idona, ko ɗage ban yi ba. Ashe tsawonmu ɗaya.

Ranar Asabar a nan za su same ni.

Guntuwarka